Salatif ko gam: da wanne ake ɗora wa kibiya gashi?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema. Kibiyoyi ne dozin guda masu jikin kabon, za a ɗora musu gashin talotalo mai tsawon inci 4, uku-uku. Masu kayan harbi suna sayar da siririn salatif ɗin nan mai gam fuska biyu na kamfanin Bohning, suna kuma da gam ɗinsu Fletch-Tite. Ga sufa gulu kuma a kowane shago. Wanne ya fi riƙo, musamman da irin zafin da muke fama da shi?

Mai Kwari:
Wa alaikumus salam ƙanena. In dai gashin tsuntsu ne na gaske, ba fiffiken roba ba, salatif zai yi maka, kuma ya fi sauƙi ga wanda hannunsa bai faɗa ba. Amma sai an bi ƙa'ida.

Ka fara goge bayan kibiyar, kamar inci 6 daga nok, wato tsagar nan da tsirkiya ke shiga. Da sifirit da farin ƙyalle mai tsabta, ka yi ta gogewa har ƙyallen ya daina ɗauko baƙi. Daga nan kar yatsanka ya sake taɓa wurin. Sai ka sa gashin a mariƙin jig, wato na'urar da ke saita gashi a jikin kibiya, ka bar ƙashin gindinsa ya ɗan leƙo waje. Shi ma ƙashin ka shafe shi da sifirit, domin a masana'anta niƙe shi ake yi ya kwanta, kuma ƙurar niƙan tana nan a jikinsa. Yawancin masu cewa salatif ba ya riƙo, a kan ƙurar nan suka manna shi.

Ka shimfiɗa salatif daga baya zuwa gaba, kar ka ja shi ya miƙe. Ka yanke da ƙaramin almakashi daidai ƙarshen ƙashin, ka bi shi da farce ka danne, sannan ka ɓare bawon bayansa da bakin reza. Ka mayar da mariƙin kan jig, bayan gashin ya fara taɓa kibiya, gaban ya biyo. Ka danna sosai, ka buɗe mariƙin, ka sake bin gindin da farce sau biyu. Juya digiri 120, na gaba. In ukun sun hau, ka ɗiga gam kaɗan a goshin kowane gashi da wutsiyarsa. Wannan ɗigon wajibi ne.

Naɗi guda ƙafa 60 ne. Gashi uku masu inci 4 ƙafa guda ke nan, to a lissafi kibiya 60, in ka cire ɓarna ka samu kusan 50.

Injiniya:
Malam Mai Kwari, matakan nan babu gyara a cikinsu. Inda zan saɓa maka shi ne maganar zafi, kuma ita yaron ya tambaya.

Gam irin Fletch-Tite ruwa ne da ke bushewa, sinadarin da ya narkar da shi ya tashi, abin da ya rage ya daskare. Sufa gulu kuma da danshi yake haɗuwa ya koma roba mai tauri. Shi kuwa gam ɗin da ke jikin salatif ba ya taɓa daskarewa. Haka aka yi shi, ya zauna da laushi, matsi ne ke sa ya kama. Duk abin da ya zauna da laushi, zafi yana ƙara masa laushi, kuma in akwai wani ƙarfi da ke jansa a hankali dare da rana, zai bi.

Ƙarfin kuwa yana nan a jikin gashin. Gashin fiffike a lanƙwashe Allah ya halicce shi, mariƙi ne ya miƙar da shi dole. Da ka saki, yana so ya koma yadda yake. Gam busasshe ba zai ba shi dama ba. Salatif a wuri mai sanyi ma haka. Amma ka bar kwari a cikin mota a rufe da rana a watan Afrilu, inda cikin motar kan haura digiri 60, sai ka ga tsakiyar gashin ta zame gefe, goshi da wutsiya da aka ɗiga wa gam suna nan, gindin ya yi baka. Wani kuma ya kwanta gefe guda. Gashin bai fita ba, amma ukun ba su kallon wuri ɗaya, kuma kibiya za ta nuna maka haka a mita 30.

Mai Kwari:
Gaskiya ne Injiniya, amma wanda ya bar kibiya a mota da rana ai ba gashi kaɗai ya ɓata ba. Nok na roba ma yana lanƙwashewa, baka mai haɗin katako da gilas ma tana iya murɗewa. Laifin ajiya ne wannan.

Injiniya:
Na yarda, sai dai ɗakin kwano da azahar bai fi motar da yawa ba, kuma mutane da yawa nan suke rataye kwari. Abu na biyu da ake mantawa: gam na matsi ba ya kai cikakken ƙarfinsa nan take. Yana ci gaba da shiga ƙananan ramukan jikin kibiya har kwana 1 zuwa 3. Ana iya harbawa da an gama, shi ya sa ake son sa, amma wanda ya bari ya kwana ya fi samun riƙo. Kuma kar kibiyoyin su kwana gashi na danne gashi, a tsayar da su.

Ɗan Koyo:
Allah ya saka da alheri. To salatif mai fuska biyu na shagon littattafai fa? Ba za a iya yanka shi siriri a yi da shi ba?

Mai Kwari:
Kar ka soma. Mai soso a tsakiya ya yi kauri, gashin zai zauna a kan katifa yana rawa. Mai takarda a tsakiya kuma yana rabewa biyu in danshi ya shige shi, rabi a kibiya rabi a gashi. Sannan gindin gashin bai wuce milimita 2 zuwa 3 a faɗi ba. Duk abin da ya leƙo gefe zai kwashi ƙura da yashi, ya zama baƙin layi mai danƙo, daga nan ɓarewa ke farawa.

Malam Kafinta:
Bari in sa baki, ko da yake kabon aka tambaya, don masu kibiyar katako suna karantawa. A katako ba itacen gam ke kamawa ba, banish ɗin da aka shafa yake kamawa. Nan rigimar take, domin ba kowane gam ke shiri da kowane banish ba. Fletch-Tite an yi shi ne ya dace da fentin kamfaninsu da jikin alminiyom. A kan banish na foliyuretan sau da yawa sai ya bushe ya ɓantale kamar ɓawon ƙwai. Masu katako a Amurka sun daɗe suna amfani da gam ɗin Duco saboda yana ɗan narkar da fuskar banish irin lacquer ya haɗe da ita. Salatif kuwa ba ruwansa da wane banish ne, muddin ya bushe sarai kuma yana da santsi. Wannan babbar fa'ida ce da ba a cika faɗa ba.

Amma a kula da "ya bushe sarai". Banish mai mai yana iya bushewa a taɓawa cikin yini guda alhali yana ci gaba da fitar da sinadari kwanaki. Ka manna salatif a kai, sinadarin ya taru a ƙarƙashi ya jiƙa gam ɗin. In ka shinshina kibiya ka ji warin banish, ba ta isa ɗora gashi ba. Katakon da aka shafa wa man darbejiya ko wani mai ko kaki kawai, babu gam ko salatif da zai zauna a kai.

Hanyar gwaji mai arha: guntun sanda da aka shafa wa banish iri ɗaya, a manna guntun gashi, a bari kwana 2, a fizge. In gashin ya yage ya bar ƙashinsa a jiki, haɗin ya yi. In ya fita fes, ka duba ina gam ɗin ya tsaya. Ya tsaya a gashi, matsalar jikin sanda ce. Ya tsaya a sanda, gindin gashin ne ba a goge ba.

Tsirkiya70:
Gwajin nan na Malam Kafinta ya shafi kabon ma, a riƙe shi.

Ina so in ƙara wani abu don kar a ɗauka salatif kayan 'yan koyo ne. Ku dubi kibiyoyin masu harbin Olamfik da ke harbi daga mita 70. Mafi yawansu siraran fukafukan nan masu lanƙwasa suke sawa, irin su Spin Wing, kuma da salatif mai fuska biyu ake manna su, ba da gam ba. Ana ja layi uku a jikin kibiya da jig, a shimfiɗa salatif a kan layin, a ɗora fiffiken, sannan a naɗe goshi da wutsiya da wani siririn salatif na daban zagaye biyu ko uku. In ɗaya ya yage ana cikin gasa, minti biyu an canja.

Sai dai fiffiken nan ba shi da nauyi kuma ba ya jan gindinsa kamar gashin talotalo, shi ya sa zamewar da Injiniya ya faɗa ba ta cika damunsa ba. Fiffiken roba mai kauri kuwa, irin na masu baka mai ƙafafun juyi, wato mai tayoyi a bakunanta biyu, wannan gam ne kawai maganinsa. Robar tana fitar da wani maiƙo a hankali wanda ke kashe gam ɗin salatif.

Baba Maharbi:
Yara, ina jin ku. Mu kibiyarmu ta gado ba ta san gashi ba. Kyauro ne, da ƙarfe mai kunne a gaba, a ɗaure wuyan da jijiya, a ɗaure gindi kar tsirkiya ta tsaga shi. Nauyi duk yana gaba, harbin kuma na kusa ne, shi ya sa take tafiya ba gashi. To amma wanda ya ɗauki harbin gashi, akwai abin da na ga kun tsallake: zare.

Goshin gashi shi ne wurin mutuwa. Shi ke gugar baka, shi ke shiga abin bara in kibiya ta nutse, shi ke gugar ciyawa in an kuskure. Wanda ke harbi kibiya na kwance a kan hannunsa, in goshin ya ɗaga, ƙashin zai shige masa fata, kuma ba ƙaramin rauni ba ne. A sa reza a fere goshin ya kwanta, a naɗe shi da zare mai ƙarfi kamar rabin inci, naɗi kusa da naɗi, a soke bakin zaren a ƙarƙashi, a shafe da gam. In an yi haka, ko salatif ne a ƙasa ko gam, gashi ba zai tashi daga gaba ba.

Injiniya:
Baba ya faɗi magana. Turawan Ingila ma a zamanin doguwar baka haka suka yi. Jirgin yaƙin nan Mary Rose da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an samu kibau sama da 3,500 a cikinsa. Gashin ya ruɓe, amma sawun zaren da aka naɗe shi da shi yana nan a jikin sandunan, tare da koren shafi mai tsatsar tagulla a ciki. Wato ba su dogara da manni kaɗai ba, zare suka bi da shi tun daga goshi har wutsiya.

Gargaɗi ɗaya game da zaren: in na auduga ne, kar a kwarara masa sufa gulu mai ruwa. Auduga da sufa gulu suna haɗuwa su yi zafi har hayaƙi ya tashi, yana ƙona yatsa. A yi da zaren siliki ko na roba, ko kuma a shafe da Fletch-Tite ko man farce marar launi.

Ɗan Koyo:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Injiniya, to in gam zan bi, ya ake yi? Sufa gulu ɗin shago zai yi?

Injiniya:
Zai yi, in ka samu mai kauri kamar man goge baki. Mai ruwa-ruwa shi ne matsala: yana bin ƙashin ya haura cikin gashin, ya busar da shi ya yi tauri, in ya gogi baka sai ya karye maimakon ya kwanta ya tashi. Kuma yana gangarawa ya manne gashin da mariƙi.

Kafin komai ka goga kakin kyandir a leɓen mariƙi, ban da gindin gashin. Ka ɗiga ƙananan ɗigo 4 ko 5 a tsawon ƙashin inci 4, ka ja su da bakin kwalbar ko tsinke su zama layi ɗaya siriri. In ka danna ka ga gam ya tumbatso gefe da yawa, ka zuba fiye da kima. Siririn layin sufa gulu ya fi layi mai kauri ƙarfi, kuma mai yawa ne ke barin farin hazo a jikin kibiya. Ka riƙe daƙiƙa 30 zuwa minti guda. Da hunturu zai fi haka jinkiri, domin danshin iska ne ke kama shi, iskar kuma a bushe take. Mutum sai ya zaci gam ɗin ya lalace. Da damina kuwa kafin ka gyara zama ya kama, babu damar gyara.

Fletch-Tite ya fi haƙuri, kuma in ya bushe yana da ɗan laushi, ba ya tsagewa in kibiya ta daki abu mai tauri. Kuɗinsa lokaci ne. Kowane gashi minti 15 zuwa 20 a mariƙi. Dozin guda gashi 36 ne, a minti 15 awa 9 ke nan da jig ɗaya. Sannan a bari kwana 1 zuwa 2 kafin harbi.

Farin gam na kafintoci ba ya kama kabon, sai abu mai shan ruwa. Gam ɗin masu takalma yana zare kuma shi ma yana zamewa da zafi. Ƙaro ruwa na narkar da shi. Gam mai haɗi biyu na manna ƙarfen gaban kibiya ne, ba na gashi ba.

Mai Kwari:
Awa 9 ɗin nan ita ce hujjata. Da salatif dozin ba ta wuce awa guda da rabi ba. Ga kuma ranar cirewa. Gashi ba ya dawwama, dole a canja. Na salatif sai ka ɗaga goshi ka ja, ragowar ka murje da yatsa da sifirit. Na sufa gulu kankarewa za ka yi, kuma a kabon in wuƙa ta ci zaren jikin, kibiyar ta zama haɗari, tana iya fashewa lokacin saki ta shiga hannu. Wanda zai kankare ya yi da wuƙa marar kaifi a kwance, in ya gama ya lanƙwasa kibiyar kusa da kunne yana juyawa. Ya ji ƙas-ƙas, ya karya ta ya yar.

Tsirkiya70:
Maganin wannan ai leda ce ta naɗi. Siririyar leda mai gam da ake naɗewa a bayan kibiya, inci 5 zuwa 7, sai a ɗora gashi a kanta. Gam da salatif duka sun fi kama ta fiye da kabon tsirara. Ranar canji a tsoma cikin ruwan zafi a ɓare ledar da gashin gaba ɗaya, wuƙa ba ta taɓa kabon ba. Illarta biyu: tana ƙara ɗan nauyi a baya, kuma in gashi ɗaya ya lalace sau da yawa ukun za ka canja.

A kula da abin gogewa kuma. Ruwan goge farce na mata yawanci akwai mai da turare a ciki, yana barin maiƙo. Asiton zalla yana wankewa da kyau amma yana cin nok na roba, a cire nok tukuna. Sifirit na kemis a ɗiga a kan madubi a bari ya bushe, in ya bar tabo kar a yi da shi.

Malam Kafinta:
Akwai abin da ya fi zaɓin manni muhimmanci, ban ji an taɓo ba: zaman gindin gashi a jikin kibiya. Gam yana cike ɗan gibi, salatif ba ya cikewa ko kaɗan. In mariƙinka mai murɗi ne, wato wanda ke murɗa gashin a jikin kibiya, kibiyar kuma siririya, za ka tarar tsakiya ta zauna, goshi ko wutsiya na rataye a iska. Kafin ka ɓare komai, ka ɗora gashin a bushe, ka ɗaga jig ɗin saitin haske. In haske na wucewa ta ƙarƙashi, ka kwance ƙusoshin saiti, a jig irin na kamfanin Bitzenburger biyu ne sama da ƙasa, ka matsa har ya rufe. In ya ƙi, ka koma miƙaƙƙen mariƙi da ɗan karkace digiri 1 zuwa 2. Murɗi mai tsanani a kan siririn kabon da salatif, wannan neman magana ne.

Kuma gashin fiffiken dama daban, na fiffiken hagu daban. Kar a gauraya su a kibiya ɗaya. Gashin dama da mariƙin dama, ko karkace zuwa dama. In ka tilasta gashin hagu a mariƙin dama, jan da Injiniya ya yi bayani zai ninka, kuma salatif ne zai fara sallamawa.

Baba Maharbi:
Wanda zai fere gashinsa da kansa daga fiffiken talotalon gida, ya manta da salatif. Gindin da aka tsaga da wuƙa aka goge da samfefa ba ya yin daidai kamar na inji, sai gam da zare. Kuma gashin a wanke shi da ruwan sabulu a shanya, akwai maiƙo a jikinsa.

Ɗan Koyo:
To in na fahimta, tunda gashin na kamfani ne kuma mariƙina miƙaƙƙe ne, salatif zai yi, da ɗigon gam gaba da baya?

Mai Kwari:
Zai yi. Ka bar tazarar inci 1 zuwa 1 da kwata tsakanin ramin nok da wutsiyar gashi don yatsu su samu wuri, ka yi alama a jikin mariƙi don duka 36 su zauna wuri guda.

Injiniya:
Ni dai da gam zan ce, saboda watannin bazara. Amma tunda dozin ce, ka raba: 6 salatif, 6 gam, ka sa musu lamba a jiki, ka ajiye su a kwari ɗaya. Kowane mako ka leƙa daga bayan nok ka ga ko gindin yana nan a miƙe. Wanda ya fara yin baka, ka cire shi tun bai kwanta ba, ka goge wurin da sifirit har danƙon ya fita gaba ɗaya kafin ka sa gam, domin gam ba ya kama ragowar salatif.

Tsirkiya70:
Ɗigon gaba da baya kuma a yi shi da Fletch-Tite ko sufa gulu mai kauri, girman ƙwayar gero, rabi a kan ƙashi rabi a kan kibiya. In aka bar shi a kan ƙashin kaɗai bai riƙe komai ba.